Musayar Abba da Halliru

Kano

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hadijatu da yara, ya aikin kargo?

Ba zan ja gaisuwa ba, don raina a ɓace yake. Alhaji Bashar ya dawo daga Dubai, ya ce wai ka ɗauki Abba daga ƙungiyarka ta ƙwallon kwando ka ba ƙungiyar wata unguwa wai ita Muhaisnah, ka karɓo wani tsoho mai ciwon gwiwa. Ɗan 'yar'uwarka ne fa, ba katan ɗin atamfa ba da za a ce ba ni wannan ga wancan. Karatu na tura shi, na yarda da ƙwallon ne don yana gaban kawunsa. Kuma ko ba komai ka duba sunan da yake ɗauke da shi, sunan mahaifinmu.

Idan ka gaji da shi ka faɗa. Hutu na zuwa zan sa ya tattaro kayansa ya ƙarasa karatun a nan.

Yayarka,
Barira

Deira, Dubai

Zuwa ga Yaya Barira,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Duk muna lafiya, Hadijatu na gaishe ki.

Alhaji Bashar bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya kai miki, kamar yadda ya saba. Ƙungiyarmu, Zakunan Sabkha, duk yara ne masu gudu da tsalle, amma da an matsa musu a ƙarshen wasa sai su rikice. Kowace shekara a gasar baƙi mazauna Dubai a nan muke faɗuwa. Halliru, tsohon da kike faɗa, ya buga wa manyan ƙungiyoyi a gida kafin ya buɗe shago a unguwar Sabkha nan Deira. Gwiwarsa ta gaji, gaskiya ne, amma shi ba ya firgita.

Sunan nan da kika ambata kuwa, Yaya, shi ne matsalar. Koci sai da tsawa. Sauran yaran ina kiran sunansu in wanke su tas. Abba kuwa in ya yi shirme, sai in buɗe baki in kasa. Ta yaya zan daka wa mai sunan Baba tsawa a gaban jama'a? Sai ki ji na ce, "Abba, a ɗan riƙa kula." Shi kuma ya yi murmushi ya maimaita. Yaron nan ya fi kowa hannu, amma yana lalacewa a gabana, abin yana ci mini rai.

Kocin Muhaisnah Basudane ne, bai san Baba ba. Ranar farko na jiyo shi daga ƙofar filinsu yana kiran Abba da sunansa na yanka: "Yalla, maza, Idris! Barci kake?" Sunan Baba ke nan fa, gatsal. Abba kuwa ya zura da gudu irin wanda ban taɓa gani ba.

Ki yi mini haƙuri zuwa ƙarshen gasa.

Ƙaninki,
Maharazu

Deira, Dubai

Yaya Barira,

Sallama da gaisuwa. Shirunki ya isar mini da saƙo, amma yau dole in rubuto. Mun ɗauki kofi!

Kuma kin san da wa muka haɗu a wasan ƙarshe? Muhaisnah. Yaya, ɗanki ya gasa mana aya a hannu. Duk wanda na sa ya tsare shi sai ya bar shi a tsaye ya wuce. 'Yan kasuwar Deira da suka zo goya mana baya har sun fara yi mini kallon wanda ya sayar da gida ya sayi bukka.

Ana dab da tashi suna gaba da maki ɗaya. Halliru ya karɓi ƙwallo, bai yi gudu ba, don ba shi da shi. Ya ɗaga hannu kamar zai jefa, Abba ya yi tsalle da wuri ya faɗo a kansa. Alƙali ya ba Halliru jifa biyu. Ya share gumi, ya dubi yaranmu ya ce, "Khalas, an gama, ku je ku ɗauko kofin." Duka biyun suka shiga. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Abba ne aka zaɓa gwarzon matasa na gasar, amma ko kallon kyautar bai yi ba. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, idanu jajur, ya ce, "Kawu, baɗi ba zan yi wannan tsallen ba."

Yanzu hukunci na hannunki.

Ƙaninki,
Maharazu

Kano

Maharazu,

Wa alaikumus salam. Barka da kofi, ka gaishe mini da tsohon naka.

Abba ya kira ni yana kuka. Tun da na haife shi ban taɓa jin wani abu ya dame shi har haka ba. Na ce ya zo hutu ya huce, ya ce ba zai samu ba, kocinsu ya sa musu atisaye.

Ka bar shi a wajen Basudanen. Allah ya yi muku albarka.

Yayarka,
Barira