Wuƙarka Ta Koma Shuɗiya

Zuwa ga Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a duk inda ka yada zango a hanyar Makka. Inna tana gaishe ka, mutanen gidanmu na Fagge kowa lafiya. Ni ce ƙanwarka Hajara. Da hannuna na rubuta, don yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, raina a ɓace yake.

Yaya, maganar wuƙarka ce.

Ka tuna 'yar wuƙar aljihun nan mai naɗewa da ka sayo a rumfar Baba Raji, Bayarben nan na Sabon Gari, mariƙinta a fashe? Ka zauna a zaure ka sassaƙa mata sabo da ƙashin raƙumi, ka yi ta guga har Inna ta ce ƙarar ta ishe ta. Ka rina shi da karan dafi irin na dukawa, ya fito ja kamar goro. Ko aron ta ba ka bayarwa.

Ranar da za ka hau motar gabas ka danƙa mini ita, ka ce gumin hanya zai cinye ta. Ban manta abin da ka faɗa ba: "Hajara, ƙashi ba ƙarfe ba ne. Yana shan ruwa, yana jin rana. Kada ki jiƙa, kada ki shanya. Ɗan man kaɗe a tsumma, ki goge, ki ajiye a inuwa har in dawo."

Haka na yi, shekara da shekaru. Duk Juma'a sai na fito da ita daga ƙasan kwalla, na goge, na ɗiga mai a gaɓar da take naɗewa, na mayar. Matan gida har tsokanata suke yi, wai Hajara ta samu 'yar goyo. Ban kula su ba. Jan nan kuwa sai ƙara kyau yake yi.

Sai Layyar bana ta zo. Baffa Ɗanladi ya shigo neman ƙaramar wuƙar fiɗa, wani mai dogon baki ya ce masa akwai taka a wurina. Ƙanin mahaifinmu ne, ta yaya zan ce a'a? Na miƙa masa da hannu biyu, na soma jero masa sharuɗɗanka. Ban kai rabi ba ya katse ni: "Ke ce za ki koya mini wuƙa? Ina yanka tun ba a haifi Sulen ba."

Da aka gama fiɗa, aka haɗa ta da manyan wuƙaƙe aka zuba a ruwan zafi da toka da sabulun salo. A nan ta kwana. Washegari aka jera su a kan katanga, rana ta yi ta dukansu har la'asar. Duk abin da ka hana, Yaya, sai da aka yi shi ɗaya bayan ɗaya, kamar da gayya. Jan ya zube, mariƙin ya koɗe, ya tsage kusa da ƙusa.

Da a nan aka tsaya, da na yi kukana na haƙura. Amma ka san mutanenmu, duk abin da ya koɗe a garin nan maganinsa marina. Baffa bai ce mini komai ba, ya ɗauke ta ya kai wa abokinsa marini. Shi kuma bawan Allah ya ɗaura mata zare ya zura ta cikin karofi gaba ɗayanta, da ƙarfen da komai, yadda yake yi wa rawani.

Wuƙarka ta koma shuɗiya. Tsatsa ta kama gaɓar, sai an yi kokawa take buɗewa. In ka riƙe ta, shuni ya ɓata maka tafin hannu. Kuma da murmushinsa Baffa ya kawo mini, yana cewa, "Ga ta nan, ai ta fi da kyau." Wallahi jira yake in yi godiya.

Na roƙi maigidana ya kai wa Baba Raji ko da dabara. Tsohon ya juya ta, ya juya, ya ce shunin da ya shiga ƙashi ba ya fita, sai dai a ci gaba da sa mai kada tsagar ta ƙaru. Ya tambayi labarinka, maigidana ya karɓi wuƙar ya juyo gida.

Duk wannan ba shi ya sa ni ɗaukar alƙalami ba. Da Baffa ya ga na kwana biyu ina cin magani, sai ya zo tsakar gida, a gaban Inna, ya sa aka kawo wuƙar. Ya jefa ta sama ya cafe, ya ce, "Duk wannan kumburin a kan abin da ba mai shi? Mutumin da ya yi shekaru ba labari, ai kayansa sun zama na gida." Ya nufi aljihu da ita.

Inna ta tashi ta shige ɗaki, ta saki labule.

Yaya, ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli Baffa ba, sai ga ni na riƙe masa hannu. Na zare wuƙar, na ce, "Baffa, amana ce. Mai ita yana nan da ransa." Tun ranar ba ya amsa gaisuwata, unguwa kuma ta ɗauka cewa boko ya cire wa Hajara kunya.

Kai ma ba ka fita ba, fushina ya kai kanka. Waɗanda suka tashi bayanka wasu sun dawo, ana kiransu Alhaji. Waɗanda guzuri ya ƙare musu suka tsaya aikin auduga a Sudan, su ma suna aiko da gaisuwa ta bakin matafiya. Kai shiru. Ka san yadda ake kula da ƙashin raƙumi, ka zauna ka koya mini dalla-dalla, amma ba ka san uwa tana bukatar a ce mata "ina lafiya" ba? Inna ta daina tambayar direbobi. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan lokacin da take tambaya kullum.

Ina kewarka, Yaya. Har faɗan da kake mini in na taɓa kayanka ina kewa.

Zan ba wani direban gabas takardar nan, ya ba wani, har Allah ya sa ta faɗa hannunka. Allah ya tsare ka, ya buɗa maka hanya, ya karɓi ibadarka, ya dawo mana da kai Inna tana da rai.

Na tsaya a gaban kowa na ce kana raye, alhali ni ma ban sani ba. Ko kalma ɗaya ce ka aiko. Kada ka bar ni da ƙarya a bakina.

Taka ƙanwa,
Hajara