Dutsen Taimamar da Ka Yanka

Zuwa ga ɗana Usmanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, in kana inda ake tambayar lafiya. Ni ke faɗa, ƙanwarka Hauwa ke rubutawa. Ta ce za ta sa a waya inda jama'a ke gani, ko wani ya san inda yaƙin nan ya jefa ka. Su gani. Ban faɗi abin kunya ba.

Shekara tara ke nan ba ka taka Suki ba, kuma ka san dalili.

Ka san dutsen taimamar gidanmu. Baƙi, mai zanen fari, bai wuce tafin hannu biyu ba. Kakana ya ɗauko shi daga ƙasar Sakkwato a cikin burgami, da ƙafa, har bakin bahar, babban kogin nan namu. Inda babu ruwa, shi ne ruwansu. Hannunsa ya shafe shi, na ubana ya shafe shi, nawa ya shafe shi, har fuskarsa ta yi santsi kamar goshin jinjiri.

Ka roƙe ni shi, na hana. Ka bari sai da na tafi hawasha, gonata, ban ruwa, ka ɗauka ka tafi da shi jami'a.

Da ka dawo da shi, rabi ne. An yanke shi da zarto, an rubuta masa lamba da jan fenti kamar buhun auduga. Fuskar nan mai santsi ita ka niƙa ta zama gari.

Ka zauna kan tabarmata kana murna. Wai a cikin garin akwai ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Wai a cikinsu wani abu yana rikiɗa ya zama dalma a hankali, ba ya sauri ba ya jinkiri, da shi kuke ƙirga shekaru. Wai dutsen ya taɓa nutsewa cikin ƙasa, zafi da nauyi suka toya shi ya sake kama, shekaru miliyan ɗaruruwa da suka wuce, kuma lokacin toyin nan ka auna. Duk wannan na haɗiye, Allah ne Ya san halittarsa.

Sai ka ce toyinsa da zanensa iri ɗaya ne da duwatsun da ke wajen Damazin, a ƙasar nan. "Baba, mai yiwuwa a nan kaka ya tsince shi." A gaban baƙi ka faɗa.

Mu da har gobe ake tambayarmu daga ina muka zo, abu ɗaya muka riƙe a hannu, kai kuma ka ce tsintuwa ce.

Na ce ka fita, ka fita. Ragowar rabin ni na jefa shi a bahar da hannuna. Kai ka sa ni.

Uwarka ta rasu bara, tana cewa "mai yiwuwa" ka ce, ba "tabbas" ba. Na ji ta.

Yanzu ƙafafuna sun kumbura, sun fashe, likita ya hana su ruwa. Bango nake dafawa in yi taimama, sau biyar a yini, bangon ɗakin da ka tashi a ciki. Tsararrakina sun ƙare. Samarin unguwa sun watse, wasu Habasha, wasu ba labari. Na duba masu yi mini wanka su sa ni a rami, ban ga nawa ba.

Ban yafe dutsen ba, kada wani ya gaya maka na yafe. Ba na son bayaninka, ba na son takardunka. Kai nake so, Usmanu. Ka zo ka riƙe kaina a rami, ka juya fuskata alƙibla. Wannan ba aikin maƙwabci ba ne.

Allah Ya tsare ka daga harsashi da yunwa. In kana raye, Ya buɗe maka hanya kafin tawa ta rufe. In kuwa ka riga ni, Ya yi maka rahama, ka jira ni, maganarmu ba ta ƙare ba.

Ubanka,
Garba na bakin tur'ar ban ruwa, Suki