Kifin Maman Afi

Zuwa ga Maman Afi,

Ina gaishe ki, Yaya, gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Ko kina da rai ma sai an karanta miki, don Hausarki ta baki ce, irin ta 'yan Togo da suka daɗe a Madawa. Amma yau in ban yi magana da ke ba cikina zai fashe.

Gari lafiya lau. Albasa ta yi kyau bana a fadama. Malam Idi yana nan yana kawo kifi karfasa daga tabkin Keita, sai dai yanzu bisa babur yake zuwa, ya yi tumbi. Maigidana ya rasu bara. Ni kuma ina nan gindin iccen bedin nan na bakin tasha, wurinki, da ragar gashinki, da mafecinki da na ɗinke ma baki har sau biyu.

Kin tuna ranar da na fara zuwa wurinki? Kallo ya kawo ni, kika ce mai kallo ba ta ƙoshi, kika miƙo mini wuƙa. Ke kika koya mini kankare ɓawo ba tare da na yage fata ba, da barin kai da wutsiya, don kifin da aka datse ma kai a wurinki ba kifi ba ne. Tsaga uku a kowane gefe, har wuƙa ta taɓa ƙashi. Cikin tsagar a cusa dakan garinku, citta da tafarnuwa da ɗanyen tonka. Bisa kuma a zuba albasa da lemun tsami da mutardi, ɗan yajin kwalba na Turawa, yadda wata Basenegaliya ta nuna miki a Kwatano. Ni abin da na kawo kaɗai shi ne yajin ƙuli. Kika yi mini dariya, wai zan mai da kifi tsire, sannan kika ɗanɗana, washegari na ga kin aiko a daka miki.

To, ga abin da ban taɓa faɗa ba. Yanzu duk gari da sunana ake kiransa, kifin Zali ake cewa. Masu motar Tamaske da na Buza har layi suke yi. In an tambaye ni inda na koya, sai in ce maigidana ne ya zo da shi daga Abijan. Mutumin da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, Allah ya jiƙan shi! Ban taɓa kiran sunanki ba ko sau ɗaya.

Da ciwo ya kwantar da ke, na ce zan riƙe miki wuri. Sau biyu na leƙa ki a gidan likita, na uku dangin maigidana suka fara magana, wai me ya haɗa ni da mai zuwa coci. Sai na ɗauke ƙafa. Ranar da aka ɗauko gawarki, motar ta bi ta ƙofar gidanmu. Ina bayan ƙyaure, ina leƙe ta kafa, hannuna duk dakan citta. Wa ya ɗaure ni? Wallahi babu kowa. Ke da kika kwana uku a kaina lokacin da na yi ɓari, kina gasa mini jiki, wa ya tambaye ki addininki?

Jiya da la'asar Afi ta zo. Ɗiyarki, wadda kika kai Lome wurin kakarta tana ƙarama. Ta zama mace, ungozoma ce yanzu, har tafiyarki ta ɗauko. Na gane ta tun daga nesa, na duƙar da kai ina ta fifita gawayin da ya riga ya kama. Ta zauna, ta ce a ba ta guda. Ta sa yatsa cikin tsaga, ta kai baki, sai hawaye. Ta tashi ta rungume ni gaban mutane tana kirana Tanti.

Yaya, godiya ta yi mini. Ashe a wayarki ta ƙarshe kin gaya mata kada ta damu, Zali tana kula da ke. Don me kika rufa mini asiri haka? Da zagina kika yi, da na fi samun sauƙi.

Waɗanda suka rufe ki ma'aikatan gwamnati ne 'yan cocinku, duk an canza musu gari. Afi ta je maƙabartarku, ta iske ruwa ya share alamu. Shi ne ta roƙe ni in raka ta in nuna mata, tunda a saninta ni na tsaya a kanki har aka gama. Kuma kin san me bakina ya ce? Ya ce to, gobe da safe.

Yau ce goben. Na yi sallar asuba, na ɗaura zane, na kasa tashi daga tabarma. Na yi tunanin in nuna mata kowane tudu, wa zai ƙaryata ni? Kin ga irin matar da kika koya ma sana'a. Amma ba zan sa ɗiyarki ta durƙusa ta yi kuka bisa kabarin wani ba. Zan gaya mata ban je ba, ban san inda kike kwance ba, in ta tofa mini yawu in shanye.

Ga sallamarta can a ƙofar gida. Sai wata rana, Yaya. Ki yafe mini in ana yafewa daga can.

Taki da ba ta raka ki ba,
Zali