Kilomita Tara a Motar Burodi

Juma'a, 10 ga Oktoba

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan Ubangiji ya tashe ka lafiya. Yaya gwiwar taka da wannan ruwa da ya ƙi ɗaukewa? Ka dai riƙa shafa maganin, na ga kwalbar ba ta ragu ba. Na san za ka yi mamakin wasiƙa daga wadda take saman bene kai kana ƙasa, har ina jin ƙarar kofunan da kake wankewa. Amma ka san halina, in na buɗe baki a gabanka sai maganar ta maƙale.

Baba, takardar shaidar ziyarar da na karɓo a madadin Mama ba ta gaskiya ba ce. Ban taka hanyar duka da ƙafata ba. Kilomita tara na yi a cikin motar burodi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙanwarka Goggo Dosinda da muka tafi tare ba ta sani ba.

Don Allah kada ka ajiye, ka karanta har ƙarshe.

Sai bayan an binne Mama ka gaya mini cewa lokacin da aka haife ni bakwaini, likitoci suna girgiza kai, ta yi wa Manzo Yaƙub alkawari: in na rayu, za ta taka da ƙafa har kabarinsa a birnin Santiago. Shekara goma sha shida tana dafa wa masu ziyara kofi a shagonmu, tana buga musu hatimi a katinsu, kullum tana cewa sai baƙi sun ragu. Ba su ragu ba har ta kwanta. Kai gwiwa ta hana ka. Wa ya rage in ba ni ba, da aka yi alkawarin domina?

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, har da ɗoki na tafi. A littattafan soyayyar nan da kake cewa za su cinye mini ido, marainiya kullum kyakkyawa ce, iska na kaɗa mata gashi, wani na hango ta daga nesa. Uku na cusa a jaka. Da jakar ta cika, sai na cire safar canji.

Kwana biyun farko daga garin Sarria, inda muka fara tafiyar, lafiya lau, hatimi biyu kowace rana yadda doka ta ce. Rana ta uku ruwa ya tsuge tun daga Palas de Rei. Safata ta jiƙe, ƙafata ta yi bororo, bororon ya fashe. Goggo da matan cocinmu suna gaba suna ta waƙa kamar ba su san gajiya ba. Ta juyo ta ce, "Ke gimbiya, yarima kike jira ya zo da doki? Ɗaga ƙafa! Ni da na haifi biyar ma ga ni nan." Matan suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Bayan mun wuce Melide na daina hango lemarsu.

Inda hanyar ta ratsa titi na zauna na cire takalmi, na ga safar ta yi ja. Yarima bai zo ba, Baba. Wata mata ce ta tsaya, mai kai burodi ƙauyuka, garin fulawa har a girarta. Ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ƙafa ce ko naman mahauci? Shigo mana, Manzo ba ya yawo da ma'auni." Na ce mata a'a. Sau ɗaya kawai na faɗa, shi ma a hankali.

Da muka zo wuce su Goggo a bakin titi, na nutsa kaina cikin buhunan burodi. Ga ɗumi, ga ƙanshi. Abin da ya fi ƙona mini rai, daɗi na ji. Har gyangyaɗi na yi.

Ta sauke ni dab da Arzúa. Na laɓe a bayan wani rumbun masara kusan awa biyu, har na ji waƙarsu ta zo ta wuce. Da zan bi bayansu na dubi takalmina, na ga ɗumin motar ya busar da su. Sai na nemi kwata na ɗebi taɓo da hannuna na shafa musu har idon sawu. Saboda ni 'yarka ce, na san inda ake dubawa.

Tun ina ƙarama nake ganinka in mutum ya sauko daga tasi a bayan coci ya shigo yana ɗingishin ƙarya. Ba ka kallon fuskarsa, ƙafarsa kake kallo. Ka ce, "Sannu da gajiya, ranka ya daɗe! Wannan takalmi ai ko kan gado a hau da shi." Ka ba shi kofi, ka mayar da hatimi cikin aljihun tebur. Mama ta riƙa zungurinka tana cewa, "Breixo, bar bawan Allah ya sha kofinsa," alhali ita ma dariyar take dannewa.

Ranar da muka dawo, kafin ka karɓi takardar, takalmina ka ɗauka. Ka juya su, ka ce, "Dosinda, dubi nan. Olalla ta isa." Sunan Mama ka kira, ba nawa ba. Sai ka shiga kicin ka daɗe. Har yau ka hana a wanke su. Taɓon kwana biyun ƙarshe na gaske ne, wannan na rantse maka. Amma a ƙarƙashinsa akwai wanda na shafa.

Na yi ta ba kaina haƙuri da cewa daga Sarria zuwa Santiago ai kilomita ɗari da goma sha biyar ne, ko an cire tara akwai saura. To amma kai kake gaya wa baƙi sau goma a rana cewa kilomita ɗarin ƙarshe ake dubawa kafin a ba da takardar shaida, a jere, babu tsallake. A ofishin masu ziyara na Santiago ma'aikacin ya duba hatimaina, babu wanda ya ɓace. Ya ce, "Duka da ƙafa, 'yata?" Na ce e. Ya sa sunana, a ƙasa ya rubuta da biro cewa a madadin Olalla ne. Goggo ta rungume ni tana kuka tana cewa ashe gimbiyar tana da ƙashi.

Jibi Lahadi Mama za ta cika shekara da rasuwa. Fada Eladio zai sa wa takardar albarka, kai kuma ka saka ta a bayan gilashin da ke gaban kabarinta ka rufe. Baba, kada ka saka. Ba zan iya zuwa kowane mako da furanni in tsaya ina karanta ƙaryata a saman sunanta ba. Ita ba ta cika alkawarin ba, amma ba ta taɓa cewa ta cika ba. Ni ce na faɗa da bakinta.

Ban san me za ka ce wa Fada da matan coci ba, bayan duk ka gayyace su. Na san kunyar a kanka za ta fara sauka. In ka yarda, hutun Ista zan koma Sarria in fara daga farko, ko ni kaɗai. In ba ka yarda ba, ban san yadda zan yi ba. Ba faɗanka nake tsoro ba. Ina tsoron ka yi shiru ka ci gaba da goge tebur.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya ba Mama hutawa.

Taka har kullum,
Sabela

Sau biyu na kai wasiƙar nan bakin murhu na fasa. Yanzu na ji baƙon ƙarshe ya fita, ka ja kujera ka zauna. Zan sauko. In na miƙo maka, kada ka ce in koma sama. Zan tsaya a gabanka har ka gama.