Man Goge Takalmi

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki.

Na samu ɗan aikin da nake haɗawa da shi ranakun hutu. Wani kamfani ke tura ni shaguna in yi kamar mai saye, in fito in rubuta musu yadda aka karɓe ni. Ba wuya, sai yawan tafiyar ƙafa, kuma wani lokaci nakan ji kamar gulma ake biya na in yi.

Ran Asabar aka tura ni shagon takalma. Wata dattijuwa mai aiki a wurin, sa'arki, ta durƙusa tana gwada min. Da ta ga safata ta huje, sai ta rufe wurin da tafin hannunta, ta ce, "'Yata, kina dai cin abinci?"

Da na fito na duba takardar tambayoyin da kamfanin ya ba ni, ashe dole ne ta tallata min man goge takalmi, ita kuwa ta manta. In na rubuta "a'a", suna iya korarta. Ƙarya kuma kin hana ni. Sai na koma na ce, "Mama, irin wannan da me ake goge shi?" Ta ɗauko man tana ta yabonsa. Na rubuta "e" hankalina kwance.

Man dai na saya, amma ba ni da takalmin da ya cancance shi. Zan aiko wa Baba. A sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta