Tanderuna Zai Mutu, Faransawan Kobe Suna Musayar Kati

Madam Clotilde,

Ki taimake ni da amsa, don a cikin 'yan ƙasarmu na garin nan ke kaɗai kika rage ban gwada ba. Sama da shekara talatin ke nan ina ɗauke da magana ɗaya a ƙirjina: Faransawan Kobe, nan Japan, sun san hanyar gidan burodina da ido a rufe, amma ki tare ɗaya daga cikinsu ki ce ya faɗi sunana, sai ya fara kallon sama. In kin ga kuskure a rubutun nan ki bar shi yadda yake. Ni ina ɗan shekara sha huɗu aka ɗauke ni daga aji aka tsayar da ni gaban tanderu a garinmu Lorient, kuma ban yi nadama ba.

A jirgin ruwa na zo, ina kuku. Na sauka, na haɗu da Kazue, na aure ta, jirgi ya tafi ya bar ni. A lokacin Faransawan garin nan ba mu cika tebur biyu ba. Ni na fara wasan jefa ƙwallon ƙarfe ranar Lahadi a filin bayan tashar jirgi, da ƙwallayen da na ɗauko a ƙasan akwatina. Yanzu an ce sai mutum ya yi rajista ta waya kafin ya jefa ƙwallo. Na je sau ɗaya, wani yaro mai gemun ado ya ce mini, "Baba, kana cikin guruf ɗin kuwa?" Ni da na share filin da tsintsiyar Kazue tun ba a haife shi ba.

To ki zo ga taron da ƙungiyarmu mai albarka take yi ranar Alhamis ɗin farkon kowane wata. Na san yadda yake, don ni nake kai burodin. A tsaye ake yinsa, kamar ana jiran jirgin ƙasa. Kowa da kofin giyar inabi a hannu ɗaya, kati a ɗaya hannun, an manna masa sunansa a ƙirji don kada ya manta. Tambaya uku ce ba ta huɗu: wane kamfani ya turo ka, wace makaranta ka yi, shekara nawa za ka yi a nan. In aka yi sa'a makaranta ɗaya suka yi, ko da shekara ashirin ne tsakaninsu, sai ki ga an rungume juna kamar uwa ɗaya uba ɗaya, gobe ɗan wancan ya samu gurbi a ofishin wannan. Wa ka sani, wa ya san ka. Sun koyi miƙa kati da hannu biyu suna sunkuyawa kamar Jafanawa, amma ki ba su takardar kwandon shara su karanta wace rana ake fitar da kwalba, sai an kira tafinta. Matansu kuma suna da nasu shan kofi na safe, inda ake tarbar sababbin zuwa a gaya musu inda ake samun cuku na gaske da likita mai jin Faransanci. A nan ake cewa, "Burodi kuwa ki je wajen tsohon nan, amma kada ki ja shi da hira, yana cizo." Na ji da kunnena, matar ba ta san ina bayanta ba.

Shekara uku su yi, a yi musu walimar ban kwana, a yi hawaye, a kawo wasu. Ni ina nan kamar dutsen Rokko, kuma ni ne baƙo.

Kada ki ce ba su taɓa gayyata ta ba, don ni ba na ƙarya. Sun gayyace ni. Sau ɗaya. Matar shugaban ƙungiya ta wancan zamani, Madam Hortense, ta shigo sayen burodi ta ce, "Ranar Alhamis ka zo mana, ka zauna da mu." Na amsa yadda duk mai tarbiyya zai amsa, na ce a'a, wane ni, ni mai burodi ne kawai, kada ku wahalar da kanku. Kin san abin da ta ce? "To, yadda ka so." Ta ɗauki canjinta ta fita. Dangin Kazue ko shayi za su ba ka sai sun tambaya sau uku, kai kuma ka ƙi sau biyu, sannan ka karɓa da kunya. Haka mutane suke yi. Na goge kwat ɗina na rataye, ina jiran ta dawo ta sake tambaya. Kwat ɗin nan asu ne ya halarci taro a cikinsa.

Bayan haka ne, a bikin ƙasarmu na sha huɗu ga Yuli, na ce bari in haɗiye zuciya. Na kai burodi da kaina, na sa takalmin aurena, na bi ta ƙofar gaba. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta dubi kwandon hannuna ta ce, "Masu kawo kaya ta baya suke shiga." Na bi ta baya, na ajiye, na tafi gida. Kazue, Allah ya ji ƙanta, ta ce in koma in yi bayani. Ban koma ba. Mutum ba ya bayanin kansa a ƙofar da ya kamata a san shi.

Duk wannan da na bar shi ya bi ni kabari, sai dai yanzu likita ya ce kafaɗata ta gama aiki. Ya ce kafin furen itacen ceri ya fito da bazara in sauke, ko kuma hannun ya sauke ni. Ɗana yana Tokyo yana sayar da inshora, ƙurar fulawa ma atishawa take sa shi. Ina da kwaɓin tsami da maigidana na Lorient ya gutsura mini ranar da zan hau jirgi, da shi nake tayar da kowane burodi, ban taɓa sayen yis ba. Kullum sai an ciyar da shi fulawa da ruwa kamar jariri. Ya tsallake teku, ya tsallake girgizar ƙasa, da ruwan kwalba na raya shi lokacin da famfo ya ɗauke. In na rufe, sati biyu ya ishe shi ya mutu, wurin kuma su mai da shi shagon wanke kaya.

Ga wata yarinya, Maëlle, ta biyo mijinta injiniya bara. Ashe mai burodi ce a Nantes, can gida. Ranar farko da ta shigo ta gutsuri burodi ta kai hanci kafin ta kai baki, ta juya shi ta ƙwanƙwasa ƙasan. Nan na gane. Ta tambaye ni shekarun kwaɓin, na ce ya girme ta. Tun daga nan nake yi mata tayin wurin nan a fili. Na ce mata tanderun nan ya tsufa, ni ma haka. Na ce mata damina mai zuwa ban san wa zai buɗe ƙofar nan ba. Na ƙara mata burodi ɗaya kyauta har sau da dama, ni da ko limamin coci ban taɓa yi wa ƙari ba. Ko maƙwabcina mai sayar da tofu, awarar Jafanawa, da yake tsaye a wajen, ya gane, har ya taya ni murna. Ita kuwa ta ce, "Kai Baba, ka kula da kanka fa," ta hau kekenta.

Jiya na ji cewa a taron Alhamis an haɗa ta da wani manajan otal na Osaka, don shi da mijinta makaranta ɗaya suka yi. Za ta je ta riƙa ɗumama burodin firiza ga masu yawon buɗe ido. Madalla da ƙungiya. Aikinta na kyau.

To ni tambayata ke nan. Wa ya kamata ya zo wajen wa? Tsoho mai tanderu ne zai manna suna a ƙirji ya je yana bara da kati, ko kuwa a cikin masu manyan makarantun nan akwai mai hankalin da zai tako ya ce, Baba, me kake bukata? Na gaji da magana da kwaɓi. Ke ko shugabanku ko yaron nan mai gemu, wani ya fito ya ba ni amsa, kuma a rubuce nake so, a shafin nan naki, kowa ya gani.

Tsohon Da Ke Cizo, Kobe


Baba,

Ga amsa a rubuce, a shafin nan, kowa yana gani. Ka ɓoye sunanka, kuma ka yi ƙoƙari, don a cikin tsofaffin Faransawa masu gidan burodi 'yan Lorient da ke Kobe zai yi wuya a gane wanne ne.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, don wuraren suna da yawa. Tambayar makaranta cuta ce da muka ɗauko daga gida, jirgin sama bai warkar da mu ba. Ni kaina da na zo, malamar jinya ce, na ga yadda ido yake zamewa daga fuskata ya nemi wani mai amfani a bayana. Abin da aka yi maka a ƙofa ranar biki abin kunya ne, ko yarinyar ba ta san ka ba, ya kamata a ce wani ya sani. Filin ƙwallo kuma naka ne, na tambayi tsofaffi biyu sun tabbatar. Wannan duk na karɓa a madadinsu, ban ce ka yafe ba sai ka ga dama.

Amma ka ba su ɗan uzuri. Mutumin da aka jefo ƙasar da ba ya iya karanta ko allon kanti, aka ce masa shekara uku gare shi, ba shi da lokacin yin abota irin taka da mai tofu. Dole ya yi ta a tsaye, da gaggawa, da duk igiyar da hannunsa ya kama, makaranta ce ko kamfani. Ba duka girman kai ba ne. Rabinsa tsoro ne da kaɗaici, an sa musu kwat.

Yanzu ga inda za ka ji haushina. Baba, ka zama ɗan Kobe fiye da yadda ka sani, kuma kana jiran Faransawa su yi maka ladabin dangin Kazue. Ka manta mu ne? Mu in mutum ya ce a'a, mun ɗauka a'a yake nufi, har muna ganin matsa masa rashin kunya ne. Madam Hortense ta fita daga shagonka tana zaton ka wulaƙanta gayyatarta. Kai kana goge kwat, ita tana gaya wa ƙawayenta kana cizo. Taron Alhamis kuwa ba a taɓa raba masa katin gayyata ba, duk wanda ya turo ƙofa ya shiga. Zaman jiran gawon shanu ka yi, a bakin ƙofar da ba ta da makulli.

Haka maganar Maëlle. Kai a wajenka ka yi mata tayin gida da tanderu da kwaɓi. Ita a wajenta wani tsoho ne mai ciwon jiki yake ƙorafi, yana kuma kuskuren ƙidayar burodi. Mai tofu ya gane don a nan aka haife shi. Ita 'yar Nantes ce, bara ta zo. Manajan otal bai fi ka ɗaurin gindi ba, ya dai buɗe baki ya ce, ga aiki, kina so?

Ga abin da za ka yi, kuma cikin satin nan, kafin ta sa hannu a Osaka. In ta shigo, ka fito daga bayan kantar shagonka. Ka ce mata likita ya dakatar da kai, kana neman wanda zai gaje ka, kuma ita kake so. Kada ka ce wane kai, kada ka ce wurin ƙarami ne, kada ka ba ta burodi a madadin magana. In ta ce za ta yi tunani, to tunanin za ta yi da gaske, ba sallamar Jafanawa ba ce, kada ka koma gida ka rataye wani kwat ɗin. Ku zauna da mijinta ku duba takardar zamanta, ko ta ba ta damar irin wannan aiki, akwai lauya a cikinmu da zai duba muku. Ka kuma sa a ranka cewa kamfani zai iya ɗauke mijin nan gaba. Don haka ku ɗauki ɗan gari ɗaya ya koya tare da ita, kada kwaɓin ya dogara da hannu ɗaya kamar yadda ya yi duk shekarun nan. In kuma ta ce a'a, ka bar ni in faɗa a taro cewa ana neman magaji. Abin da kake raina ɗin nan, irin wannan ranar aka yi shi dominta.

Taron Alhamis mai zuwa ni ce a bakin ƙofa. Ba za ka manna komai a ƙirji ba, ni zan kama hannunka mai lafiya in kai ka wajen mutane ɗaya bayan ɗaya. Zumunci a ƙafa yake, naka kuma ya daɗe a zaune. Sai dai ka sani, ni ma Bafaranshiya ce, sau ɗaya nake tambaya: za ka zo?

Allah ya sassauta ciwon, ya ba tanderu magaji.

Clotilde