Kwano a Bakin Ƙofa

Alƙahira, watan Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Uwani, a Illela.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta Malam Labo da yara da jikoki. Yaya aka ƙare da girbi? Ina fata geron gonar Dogarawa ya shiga rumbu lafiya. Ni kam na sauka lafiya, alhamdu lillahi.

Da hannuna na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in aiko miki ta waya, domin kin san ra'ayina game da saƙon murya: surutu ne marar waƙafi. Ki karanta da kanki, kada ki ba jikoki.

Makarantar koyon Larabcin ta ba ni ɗaki a hawa na biyar na wani gida, tare da ɗalibai biyu. Ɗaya Bajamushiya ce da ta musulunta, sunanta Hanifa, doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Ɗayar kuma Nabila, 'yar Indonesiya, ba ta girmi jikarki Fati ba, kuma ba ta iya ɗaga ido ta dube ni. Ba su jin Faransanci, ni ba na jin Ingilishi, Larabcin kuwa dukanmu rarrafe muke yi. A cikin firigo, injin sanyaya abinci, kowa da layinta, an manna sunanta. Ki ji fa, Uwani: gida ɗaya, tukunya uku.

Na yi abin da ya wajaba ga wadda ta san mutunci. Na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka daga guzurin da kika haɗa mini, na zuba a kwanon nan mai murfi na marigayiya Inna, na kai musu. Sun yi godiya, sun ci tare. Hanifa ta buɗe tagogi saboda daddawa, na yi kamar ban gani ba. Amma kafin la'asar sai ga ta da kwanona, ta wanke shi tas, ta miƙo mini shi wayam. Ko ƙwayar dabino babu a ciki! A Illela wadda ta mayar miki da kwano haka ta gaya miki ke nan ba ta son ciyayya da ke. Na karɓa, na ajiye shi a kan akwati.

Washegari suka yi mini tayin abincinsu. Na ce alhamdu lillahi, kamar yadda duk wanda aka haifa cikin gida zai ce da farko. Ina jira su sake tayi, su nace, su tura mini cokali a hannu, sai kawai suka juya suka ci abinsu.

Ba ƙorafi nake yi ba. Na shafe rayuwata ina koya wa 'ya'yan mutane harshen Faransa har na zama diraktiris, shugabar makaranta, na ajiye alli, alhali ina karanta Littafin Allah ban san abin da yake ce mini ba. Ba na son in shiga kabari a haka. Kuma kin san alkawarin da ke tsakanina da ɗanki na Konni, wanda na haifa da fari kika goya. Ya ce mace mai shekaruna ba za ta jure baƙunta ba. Na ce idan na dawo ban cika shekarar karatu ba, zan rufe gidana na Illela in koma ɗakin da ya gina mini a gidansa, inda za a riƙa auna mini gishiri ana tambayata ina za ni. A gaban Malam Labo na faɗa, ba kuma zan janye ba.

Ki shayar mini da bishiyar lemun tsami. Ki gaida kowa.

Yayarki,
Halimatussa'adiya

Alƙahira, watan Disamba

Zuwa ga ƙanwata Uwani.

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Na ji Malam Labo ya yi fama da ƙafa. Allah Ya ƙara sauƙi. Kin tambayi tawa lafiyar, kuma ke kaɗai zan gaya wa gaskiya.

Sanyin ƙasar nan ba irin namu ba ne. Namu yana tsayawa a fata, rana ta fito ta kore shi. Wannan daga daɓen ɗaki yake tasowa ya shiga ƙashi, ga shi babu kaskon wuta, babu tsakar gidan da za a zauna a sha hantsi. Injin da ke hawa da mutane sama ya lalace, gwiwoyina kuma ba su son matakala. Kasuwa tana tsallaken wani titi da motoci ba su tsayawa ko don tsohuwa. Na tsaya a bakinsa, ni da na saba ɗaga hannu babbar mota ta tsaya wa ɗalibaina a hanyar Tsarnawa, har na haƙura na juyo.

Garin dawa ya ƙare, kukar ma saura kaɗan. Burodi da shayi nake ci. Yaran suna sauka kasuwa kullum da jakunkuna, kuma sau ɗaya Hanifa ta tambaye ni ko ina bukatar wani abu. Na ce babu. Ta gyaɗa kai ta fita. Ki gaya mini, Uwani, ta yaya zan aiki 'yar mutane da ba ta rusuna mini ba, ba ta ce mini Inna ba, wadda ta mayar mini da kwano wayam?

An yi jarrabawar farko, na faɗi. Malamin, yaro ne sa'an ɗanki, ya mayar mini da takardata ja-wur da gyara. Da irin wannan jan alƙalami na yi wa dubban yara gyara, ban taɓa tunanin yadda yake a idon mai karɓa ba. Kalmomin suna shiga da safe su fice kafin azahar, domin cikin da babu abinci ba ya riƙe nahawu.

Yanzu tari ya kama ni. Idan ɗanki ya kira ba na ɗauka, sai in rubuta masa cewa ina cikin aji. Kada ki ce masa komai. Idan ya ji tarin nan, tikitin jirgi zai aiko, shi ke nan kuma gidana ya tafi.

Yayarki,
Halimatussa'adiya

Alƙahira, watan Janairu

Uwani,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yin sa.

Na kwana biyu ban je aji ba. Ina kwance, ƙirjina kamar an ɗora masa turmi. Na rufe ƙofa don kada su gan ni babu ɗankwali ina kakari, kuma babu wadda ta zo dubiya. Ina jin motsinsu, ina jin ƙamshin girkinsu, wani lokaci ina jin takun ƙafa ya zo daidai ƙofata ya tsaya, sa'an nan ya wuce. Kin tuna da na yi ciwon ido a Illela? Takalman masu dubiya sun cika zaure har na yi faɗa na ce a bar ni in huta. Wallahi yau da zan ga takalmi ɗaya a bakin ƙofar nan da na gode wa Allah.

Abin da ke tsorata ni ba mutuwa ba ce. Wa zai wanke ni? Wa ya san ni da zai tsaya a kaina ya ce wannan ɗiyar Malam Mumuni ce ta Illela? Sai dai wari ya sa a fasa ƙofa.

Ki shiga mota ki je Konni ki gaya wa ɗanki ya yi gaskiya, ya aiko a ɗauke ni.

Na ja layi a kan jimlar da ke sama. Kada ki je. Ki dakata tukuna. Ban san abin da nake so ba, ni da ban taɓa rubuta jimlar da zan soke ba.

Halimatussa'adiya

Alƙahira, watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Uwani.

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Malam Labo da dukan mutanen gida. Na ga kiran da kika yi ta yi, na kuma gode da ba ki je Konni ba. Na san abin da shirun nan ya ci a zuciyarki.

Ga abin da ya faru. Washegarin da na aiko miki waccan wasiƙar, da hantsi, na nemi tashi in dafa shayi na kasa tsayuwa. Bakina ya ƙi ya kira sunan kowa. Na gwada, ya ƙi. Sai idona ya faɗa kan kwanon Inna a kan akwati. Na rarrafa, Uwani, ni diraktiris, da gwiwa da tafin hannu. Na buɗe ƙofa har bango, na ajiye kwanon a waje, na cire murfinsa don a ga babu komai a ciki, na dawo na kwanta fuskata tana kallon bango saboda kunya.

Nabila ce ta gan shi. Ta shigo da shi cike da kunun shinkafa mai citta da naman kaza, tana kuka, ta durƙusa ta riƙa ba ni da cokali. Hanifa ta taɓa goshina, ta yi wata magana da harshensu wadda ban ji ba amma na san faɗa ce, ta lulluɓe ni da bargonta. Su biyun suka sauko da ni matakalar nan, ɗaya a kowace kafaɗa, har wurin likita. Ya ce ciwon huhu ne, kuma na yi wasa da raina.

Da na fara samun ƙarfi muka zauna da ɗan Larabcinmu da hannuwa da zane a takarda, muka fahimci juna. A ƙasar Hanifa rufaffiyar ƙofa umarni ne cewa kada a dame ni, wanda ya ce ya ƙoshi kuma ya ƙoshi, kuma mayar wa mutum kwanonsa da wuri a wanke shi ne ladabi. Nabila kuwa ita ce mai takun nan. Takan zo da abinci ta tsaya, sai nauyin furfurata ya hana ta ƙwanƙwasawa. Su suna zaton ina ƙyamar abincinsu, ni ina zaton sun raina nawa. Da na bayyana musu hukuncin kwano, Hanifa ta rufe fuska da hannu biyu, ta yi ja har kunnuwa.

Yanzu kwanon Inna yana zagaya ɗaki uku, bai sake kwana wayam ba. Jiya Hanifa ta dawo da shi da wani baƙin burodi mai tauri kamar tubali. Na jiƙa shi a shayi na cinye duka, don kada a ce daga wajena aka karya doka.

Ban warke sarai ba, tarin yana nan. Makaranta ta mayar da ni ajin farko saboda fashin da na yi, likita kuma ya ce da ni ne shi da na koma ƙasa mai zafi. Ina jin tsoro har yanzu, ba zan ɓoye miki ba. Amma shekara ba ta cika ba, saboda haka ina nan. Ranar Juma'a na ji liman ya karanta wata aya, na gane kalmomi uku a jere ba tare da an fassara mini ba, na zauna a kan darduma na kasa tashi.

Akwai wani ɗalibi ɗan Malbaza da zai taso nan bayan hutu. Nabila ce ta samo mini lambarsa. Ki ba shi garin dawa da kuka da daddawa, ki ƙara daddawar, don Bajamushiyar ta daina buɗe taga. Makullin gidana kuma kada ya bar hannunki.

Na roƙe ki, Uwani. Ki dubi kalmar nan da kyau, tun da kike ba ki taɓa ganinta da rubutuna ba.

Yayarki,
Halimatussa'adiya